Barcin Baba Sa-Hannu

In aka tattara gajiyar duniyar nan kaf aka ɗura ta a riga ɗaya, to Baba Sa-Hannu ne zai leƙo ta wuyan rigar. Shi ne na ɗakin ƙasa a gidan hayarmu mai hawa uku, ƙofar farko ta hannun dama in ka shigo, wadda fentinta ya goge daidai ƙirjin mutum. Mutane na cewa ruwan sama ne ya goge shi. Ƙarya ne, ƙwanƙwasawa ce.

Mai gasa burodi ne. Tun yana saurayi da gashi a ka ya shiga gidan burodin da ke bayan tasha. Ya fara da wankin gwangwanaye, ya koma kwaɓi, daga kwaɓi aka danƙa masa tanda, kuma tun daga ranar bai sake kwana a katifarsa ba. Rana na faɗuwa yake fita, sai gari ya waye ya dawo fari fat da fulawa kamar wanda aka tono. 'Ya'yansa biyu har suka girma suka bar gida ba su san ubansu a tsaye ba. Abin da suka sani wani tudu ne a ƙarƙashin bargo, wanda aka hana su ihu kusa da shi. An ce ma ranar da malama ta ce kowa ya zana babansa, ƙaramar bargo ta zana, ta yi masa ƙafa biyu.

Matarsa, Inna, shara da goge-goge take yi a wani asibiti, aikin safe. Su biyun a bakin ƙofa suke zaman aurensu. Tana gyara ɗankwali za ta fita, yana cire takalmi zai shiga.

"Akwai shayi a fulas."

"To."

"Kada ka kwantar min da rigar nan a kan zanin gado."

"To."

Shi ke nan, an gama hirar yini. Katifarsu kuwa ban taɓa jin wadda ta kai ta shan wahala ba, ba ta taɓa hucewa ba tun da aka sayo ta.

Amma kada ku ɗauka yana ƙin aikin. Ku taɓo masa zancen tanda ku ga mutumin da ba ya magana ya zama rediyo. Kamar mutum yake maganarta. Yau ta tashi da fushi, jiya ta yi sanyin jiki, ɓangaren hagunta ya fi na dama zafin rai. Duk duniya abu biyu yake so: a bar masa tandarsa da dare, a bar masa barcinsa da rana. Ɗaya ne ke riƙe da ɗaya, don mai gyangyaɗi ba ya tsaron wuta.

To gidanmu da rana kufai ne. 'Yar banki ta hawa na uku ta fice tun da sassafe tana ƙwas-ƙwas a matakala. Malamin makaranta na hawan tsakiya ya fice, matarsa ta fice, direba ya fice, ɗalibai sun fice. Ko kyanwar gidan fita take yi. Numfashi ɗaya ne ke saura a ginin, na Baba.

Nan fa mai wasiƙa ya shigo labarin. Wani siririn dattijo ne daga gidan waya, da keken da ke kuka tun daga kan kwana, da gwiwar hagu da ta daɗe da ajiye aiki ba ta gaya masa ba. Dokar aikinsu ita ce saƙon rajista ba a jefa shi a ƙofa, sai wani ya sa hannu. In ba kowa, ka mayar ofis, gobe ka sake ɗaukowa, ka sake hawa benen da ka hau jiya. Wata rana ya hau har hawa na uku yana buga ƙofofi kamar mai neman wuta, ba wanda ya amsa. Yana saukowa yana tsine wa wanda ya ƙirƙiro bene, sai idonsa ya faɗa kan wasu takalma masu fulawa a ƙofar ƙasa. Ya ƙwanƙwasa.

Baba ya buɗe da ido ɗaya.

"Maigida, yi haƙuri don Allah. Na malamin sama ne. Hannu kawai za ka sa, in ya dawo ka miƙa masa."

Da Baba ya tsuke fuska a ranar, da yau ba mu da abin faɗa. Ina! Ya karɓi biro ya rubuta sunansa cikakke har da na kakansa, ya ja layi a ƙasa, sannan ya dubi gumin da ke fuskar mutumin ya ce, "Ko a kawo maka ruwa?"

Ruwan nan shi ya kashe shi. Mai wasiƙa ya sha, ya yi gyatsa, ya dubi ƙofar da kyau kamar mai haddace ta. Tun daga ranar bai sake taka matakalar gidanmu ba.

Da farko abin da sauƙi, takarda ɗaya yau, sai wani makon kuma. Sai zamanin sayayya ta waya ya zo, mutanen gidanmu suka haukace. Takalmi ta waya, agogo ta waya, tukunya ta waya. Direba har madubin mota ya saya ta waya, ya zo da faɗin allon makaranta. Kuma duk sai an sa hannu. 'Yar banki ma ba ta ɓoye ba, a wajen cika adireshi take ƙarawa da cewa in ba ta nan a ba Baba na ƙasa, alhali ita da shi da mai wasiƙa duk sun san ba ta taɓa zama nan ba. Ɗakin Baba ya koma sito. Kwali a kan kujera, kwali a kan firji, kwali a ƙarƙashin gado. Inna ta taɓa neman tukunyarta ta miya yini guda, ashe tana ƙarƙashin tukunyar matar malam da ba a buɗe ba tukuna.

Sa hannun kansa ramewa ya yi ta yi. Sunan kaka ya fara faɗuwa, na uba ya bi shi, nasa ya rage harafi ɗaya, daga baya ya zama wani layi kamar tsutsa ta bi ta kan takarda. Akwai ranar da ya fito ido rufe ya sa hannu a kan hannun rigar mai wasiƙa, ya ce na gode, ya koma. A nan ne ɗaliban gidan suka laƙaba masa Baba Sa-Hannu, sunan ya bi shi har gidan burodi.

Kuma kawowa rabin wahalar ce. Sauran rabin masu karɓa ne. Daidai lokacin da barci ya dawo ya fara daɗi, an tashi daga makaranta, malam ya iso: ƙwan-ƙwan-ƙwan. "Baba, an ce an kawo." Ya tafi, matarsa ta zo, don ita ba ta yarda malam ya taɓa mata kaya. Direba ya zo. Har wanda bai sayi komai ba sai ya buga ya ce, "Baba, ko an kawo min wani abu?" Wa zai aiko maka, kai da ko gaisuwa ba a aiko maka?

Baba ya gwada dabaru, kada ku ce bai gwada ba. Ya shigar da takalmansa ciki don a ce ba ya nan. Mai wasiƙa ya kara kunne a ƙofa ya ce, "Babana, ina jin minsharinka, buɗe." Ya cusa auduga a kunne har sai da ta kusa haɗuwa a tsakiya. Mai wasiƙa ya zaga ta bayan gida, ya zura biro da takarda ta taga, ya taɓa masa tafin ƙafa da su. Kuma ba da mugunta yake yi ba, abin da ya ɓata lamarin ke nan. Yana miƙa takarda yana ba da haƙuri, yana ba da labarin gwiwa.

"Wallahi Babana, jiya da na mayar da kwali uku ofis, sai da na zauna a bakin kwata na yi hira da ƙafar nan. Na ce ke, saura kaɗan mu yi ritaya, ki rufa min asiri."

"Allah ya sawwaƙe," in ji Baba, yana hamma har ana hango abin da ya ci shekaranjiya. "Kawo."

A gidan burodi kuwa abubuwa sun canja. Tsohon mai wurin ya tsufa ya koma gida, ɗansa ya karɓa, wani matashi mai tabarau wanda Baba ya taɓa rainonsa a kan buhun fulawa. Tire ɗaya ya ƙone, yaron ya kau da kai. Wani ya sake ƙonewa, ya yi tsaki. Ranar da aka samu Baba a tsaye, ya jingina da buhu, hannu riƙe da dogon katakon fito da burodi, yana minshari, sai yaron ya kira shi gefe.

"Baba, ka san ina ganin girmanka. Amma tanda ba wurin barci ba ce. In aka sake, wallahi zan ɗauke ka daga kanta. Ba na so, amma zan yi."

Baba ya dawo gida ya zayyana wa matarsa maganar nan. Aka yi sa'a ranar hutun Inna ce. Ta saurara har ya gama, ta ajiye tsintsiya, ta ja kujera.

"Zauna. Yau sai ka koyi cewa a'a. Ni ce mai wasiƙa." Ta buga tebur. "Babana, sa hannu!"

"A'a."

"Madalla. Babana, gwiwata!"

"A'a... sai dai in ƙaramin kwali ne."

"Kai maigida! Wane irin ƙaramin kwali? Sake. Babana, na malamin sama ne, takardar aiki ce!"

"To ai ita takardar aiki..."

"Innalillahi. Mutumin nan, da kai mace ne da kowa a unguwar nan ya aure ka. Ka ce ba zan sa ba. Faɗi!"

Haka suka yini. Mu da ke sama, da yake Lahadi ce muna gida, muna jin "ba zan sa ba, ba zan sa ba" har muka ɗauka rigar da ta saya masa ce ba ya so.

Washegari da hantsi keke ya yi kuka a kan kwana. Baba bai ma jira an buga ba, ya buɗe ƙofa ya tsaya ya cika ta, ya harɗe hannuwa a ƙirji yadda Inna ta nuna masa. Mai wasiƙa ya kwanto wani ɗan kwali mara nauyi, an naɗe shi da jan salatif ta ko'ina.

"Babana, yau ka riga ni. Na 'yar banki ne."

"Ba zan sa ba."

Ya fito da ƙarfi fiye da yadda ya yi niyya, har kyanwa ta tsallake katanga. Mai wasiƙa ya tsaya da biro a hannu. Baba ya shirya wa gardama, ya shirya wa magiya, ya shirya wa labarin gwiwa, duk Inna ta koya masa amsarsu. Abin da ba ta koya masa ba shi mutumin ya yi. Ya dubi jajayen idanun Baba, ya mayar da biro aljihu a hankali, ya ce, "Ba komai, Babana. Gaskiyarka ne. Kwanta ka huta." Ya ɗaga kai ya dubi benen nan hawa uku, ya girgiza kai, ya ɗaure kwalin a bayan keke. Bai ma hau keken ba, turawa ya yi, yana jan ƙafar hagu har ya sha kwana.

Baba ya rufe ƙofa, ya kwanta, ya ja bargo. Gida tsit. Ba mai bugawa, ba mai kira. Irin shirun da ya yi shekaru yana roƙon Allah.

Barci ya ce bai san zancen ba.

Ya juya dama, "ba komai, Babana." Ya juya hagu, "kwanta ka huta." Sai tunanin kwalin ya taso. Me ya sa aka naɗe shi da ja? Ba nauyi kuma. Magani ne, wallahi magani ne. Ai an ce uwar yarinyar ba ta da lafiya. In matar nan ta mutu fa? Za a ce wa ya hana? Ya ji famfon bayan gida na ɗiga, bai taɓa sanin yana ɗiga ba. Ya ji firjin malam na gurnani ta cikin silin. Ya tashi ya leƙa titi ko mutumin ya faɗi a hanya. Ya dawo ya kwanta, ya kashe uwar 'yar banki, ya yi mata wanka, ya raka ta, ya dawo ya karɓi zagin dangi, duk a kan katifa. A ranakun da ake tashinsa sau biyar, yakan samu ɗan abin da ya samu a tsakani. A ranar da ba wanda ya tashe shi, ko ƙyaftawa bai yi ba. Da yamma ya sa takalmi ya tafi aiki, idanu kamar an zuba musu barkono.

Mu dai da safe ƙauri ne ya tashe mu. Tun daga bayan tasha har gidanmu hayaƙi, tsuntsayen unguwa suka yi ƙaura, masu asma suka yi wasiyya. Ba tire ɗaya ba, cikin tanda guda ne ya tafi, sama da ƙasa. Waɗanda suka gani sun ce da aka fito da burodin, wani magini da ke wucewa ya tsaya ya tambayi ko na sayarwa ne, yana da katangar da bai gama ba. An samu Baba zaune a kan bokiti a gaban tanda, kai a jingine da bango, yana barcin da ya fi kowane barci daɗi a rayuwarsa.

Yaron mai tabarau bai kore shi ba, ba a yi masa wannan sharrin. Amma ya cika maganarsa. Aka ba wani ƙaƙƙarfan saurayi tanda, aka mayar da Baba kan kantar sayar da burodi, aikin rana, yana sa burodi a leda yana miƙa wa mutane. Ranar ya dawo gida ba fulawa a jikinsa ko ɗigo, ya zauna a bakin gado ya zuba wa hannuwansa ido.

"To ai sai ka yi barci kamar 'yan Adam yanzu," in ji Inna. Ta faɗa da faɗa-faɗa, amma ta juya baya tana goge kofin da ta riga ta goge.

Kwalin kuwa? Gashin kanti ne. Gashin ƙari, mai tsawo har gadon baya. Uwar 'yar banki lafiyarta ƙalau, ta fi ni da ku ƙarfi. Yarinyar ta sauko da gashin a kanta, yana kaɗawa, ta tsaya a ƙofar Baba ta ce sai da ta bar aiki ta je gidan waya ta bi layi. "Gaskiya Baba ba mu san haka kake ba." Baba ya dubi gashin tun daga sama har ƙasa, ya ce, "Ya yi miki kyau, 'yata." Ya rufe ƙofa.

Barcin dare ma da aka ba shi bai zo da daɗi ba. Mutum biyu da suka yi shekaru suna karɓa-karɓa da katifa, yau an haɗa su a kai. Inna ta gano mijinta na minshari kamar injin niƙa, shi kuma ya gano matarsa na harbi. Kullum da safe suna fitowa tare kamar waɗanda suka kwana a ofishin 'yan sanda. A kanta kuma bayansa na jingine da bangon tanda, yana jin ɗuminta ta cikin riga. Wani lokaci yana cikin ba mutum burodi sai hancinsa ya motsa, ya juya ya ɗaga murya, "Kai yaro, na hagu ya yi, fito da shi!" Saurayin ya ce, "To Baba," ya ci gaba da latsa waya.

Mai wasiƙa kuwa ya koma hawa bene. Muna jin labari wajen matar malam, da ta yi hutun haihuwa a lokacin amma ta rantse ba za ta buɗe wa kowa ƙofa ba. Ta ce tana jinsa yana hawa yana hutawa, yana hawa yana salati, ya buga, ya sauko da kayansa yadda ya hau da su.

Ba a yi wata guda ba, wata rana da hantsi Baba na kanta, sai ga mutumin ya jingina keke a ƙofar gidan burodi. Burodi ya shigo saya, bawan Allah, bai san komai ba. Suka haɗa ido.

"Babana! Ashe nan aka dawo da kai? Kullum ina bugawa shiru, na ce ko ka tashi daga gidan." Ya dubi kanta, fili fetal, an goge ta tas. Ya waiga ya dubi kekensa da kwalaye suka yi wa lodi. Mai kwaɓi da ke wurin ya ce da idonsa ya ga tunanin yana shiga kan mutumin. "Ka ga kuwa nan a kan hanyata yake. Ko kwana ba sai na sha ba."

"Nan ba gida ba ne," in ji Baba.

"Ka tashi daga gidan?"

"Ban tashi ba."

"To maƙwabcinsu ne kai ko ba maƙwabcinsu ba? Ai ba a ce sai maƙwabci yana kwance ba." Ya ɗingisa ya fita, ya dawo da kwali huɗu ya jera kusa da burodi. "Biyu na 'yar banki, ɗaya na direba, wannan mai nauyin na malam. Yanzu ma ba barcin da zan katse maka, ko?"

Baba ya buɗe baki. Mai kwaɓi ya rantse ya ga "ba zan" ta taso har ta iso haƙora. Sai Baba ya dubi ƙafar mutumin, da ya ɗage ta daga ƙasa yana tsaye a kan ɗaya kamar zakara a ruwan sama. Ya sauke numfashi, ya goge hannu a riga, ya miƙa.

"Kawo biron."

Yanzu in kuna son ganinsa, ku tsaya a ƙofar gidanmu da yamma. Za ku hango kwalaye na tahowa da ƙafa biyu, ɗaya a ka, biyu a hammata, ledar burodin Inna a baki. Kuma tunda Inna ta rantse kwali ba zai sake kwana a ɗakinta ba, shi yake hawa da su. Jiya na gan shi a hawa na uku, yana haki, ya buga ƙofar 'yar banki ya buga, ba ta dawo ba. Ya tsaya da kwali a hannu yana waige-waige a barandar, yana neman wanda zai bar wa.